Murfin Langar Gwaggo Larai

A cikin duk mazan da Allah ya zuba a unguwar Karantina ta Jidda a wancan zamanin, lokacin da ruwan sha ma sai mai jaki ya kawo shi a garwa, babu wanda bakinsa ya yi yawon duniya kamar bakin Ubale. Ƙafarsa kuwa ba ta taɓa wuce Madina ba. Daga Bur Sudan aka tsallako da shi yana goye, ya yi barci tun daga can har Jidda, ko ruwan bai gani ba. Ya girma ya zama ɗan dako a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, kuma tun da ya fara ɗora buhunan ƙasashe a ƙeya ya ɗauka ya san ƙasashen. Ranar da ya sauke shinkafar Indiya, da yamma a gahawa, wato shagon shayin da maza ke taruwa, za a sha labarin Indiya. Ranar siminti, Turai ta shiga uku. Mu kuma mutanen Karantina ba mu da aiki sai buɗe baki. Duk wanda ya ɗaga murya muka ga rigarsa wankakkiya, shi ke nan, masani ne.

A lokacin Baba Usuman ne shehin Hausawan unguwa. Shi ke da sandar azurfa da doguwar kujerar da ke bakin ƙofar gahawa. Shi ke raba faɗa, shi ke saukar da baƙo, shi ke shiga gaba in iƙamar wani, wato takardar izinin zama, ta sami tangarɗa. Tsufa ya kama shi, sai ya ce kafin alhazan bana su fara sauka zai miƙa sandar, amma sai ga wanda ya ga duniya, don ba ya son wanda bai taɓa kwana a garin da ba a san shi ba ya riƙe al'amarin baƙi.

Ubale ya daɗe yana auna kujerar nan da ido. Har ya san inda zai jingina gwiwa.

Ana nan sai Yahya wanzami ya dawo daga Masar, inda ya raka wani attajiri ganin likita. Ya dawo da hoto: ga shi a kan raƙumi, ga dalar Fir'auna a bayansa. Aka rataye hoton a bangon gahawa, daidai saman kan Baba Usuman. Ubale ya shigo ya tarar da mutane sun yi cincirindo.

"Wannan tulin duwatsun ake ta kallo?" in ji shi. "Ai ko a mina muna tara buhu ya fi wannan tsawo."

Yahya ya kurɓi shayi bai ko ɗago ba, ya kira Ubale da sunan 'yarsa, yadda ake yi a can. "To kai ina ka je, Abu Saudatu? Ban da Madina da bayan gida?"

Gahawa ta kwashe da dariya. Kafin Ubale ya yi shawara da kansa bakin ya riga shi.

"Sin zan tafi."

"Ina?"

"Sin! Fekin, babban birninsu. Akwai ganuwa a can, in ka hau doki a wannan kai, jikanka ne zai sauka a wancan kan. A kanta zan tsaya a ɗauke ni hoto, ba a kan raƙumin haya ba."

Baba Usuman ya buɗe ido ɗaya. "In ka je Sin ka dawo, Ubale, ai babu sauran magana."

To, ga abin da Ubale ya dogara da shi. Akwai wani jirgin kaya a mina wanda ma'aikatansa Sinawa ne. Ubale ya taɓa ɗaukar wa kukun jirgin kwandon kabeji, kuku ya ba shi gwangwanin shayi mai hoton ganuwa. Ubale ya nuna ganuwar, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna jirgi. Kuku ya yi dariya ya ɗaga kai. Iyakar yarjejeniyar ke nan.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Dela tana soya gyaɗa a cikin yashi, wadda take kaiwa kasuwar Bab Sharif kullum ta sayar. Ya gaya mata yana tsaye, hannu a baya, kamar wanda ya riga ya karɓi sanda.

"Malam, da wane jawaz, wane fasfo, za ka fita?" ta ce, ba ta daina juyawa ba.

"Jawaz na masu tafiyar kusa ne. Kuku ya ɗaga kai."

"Ni ma wuni nake ɗaga wa masu sayen gyaɗa kai, ban taɓa kai kowa Sin ba."

"Ke Dela, za ki zama matar shehu."

"In zama matar shehu in yi ta dafa wa baƙin duniya tuwo a kan murhu ɗaya? Matsa, ka tare min iska."

Kafin a yi sallar magariba labari ya gama unguwa, sai sallahu ya fara sauka. Kun san halinmu: ko Makka mutum zai je, nan da nan, sai an ɗora masa saƙon da jaki zai ƙi ɗauka, balle Sin. Wannan tana son fulas mai fure, wancan yana son man zafi na ciwon baya, wata tana son siliki na auren 'yarta, wani tocila. Ubale ya zauna a kan tabarma yana cewa "halas, halas, an gama," kamar Sin ɗin a bayan ɗakinsa take.

Daga ƙarshe Gwaggo Larai ta shigo tana dogara sanda, da wani abu a naɗe cikin zane. Ta kwance. Langa ce, fara mai jajayen furanni, tun ta aurenta. A gindinta akwai alamar da take yi wa duk kwanukanta don kada su ɓata a gidan biki, shuɗin fenti kamar sawun kaza. Murfin ya faɗa teku tun ranar da suka tsallako.

"Ɗan nan, an ce a ƙasarsu ake yin su. Ka kai ta gidansu su ba ta murfinta."

"Gwaggo, in sayo miki sabuwa mana."

"Sabuwa ta san ni? Wannan a ciki na kai wa marigayi tuwon farko. Murfi kawai nake so, kuma ka dawo min da ita ba tabo."

"Gwaggo, a fadar sarkinsu za a yi miki shi."

Ranar tafiya Karantina ta tashi kaf. Dela, duk da bakinta, ta cika masa jaka da ƙuli-ƙuli da dambun nama. Aka yi addu'a, aka rako shi da guɗa har ƙofar mina, inda ba mai shiga sai ma'aikaci. Ya juyo ya ɗaga wa jama'a hannu biyu, ya shige da akwati a ka.

A gindin tsanin jirgi wani ƙaton mai gadi ya miƙo hannu yana neman takarda. Ubale ya miƙa masa gwangwanin shayi. Mai gadi ya juya gwangwani, ya buɗe, ya shinshina, ya mayar masa. Ubale ya ɗaga kai sama yana ƙwala kira: "Kuku! Ya kuku! Ni ne na kabeji!" Can kuku ya leƙo, ya gane shi, ya yi murna ƙwarai. Ubale ya nuna ƙirji, ya nuna jirgi. Kuku ya yi dariya ya ɗaga kai kamar wancan karon, sannan ya jefo masa lemo ɗaya. Aka janye tsani. Jirgi ya yi kuka ya tafi.

Daga bayan katanga Ubale yana jin guɗar matan Karantina, suna sallamar hayaƙi.

Ya tsaya da lemo a hannu. Komawa ta ƙofar da ya shigo, gara a binne shi. Sai ga motar tumakin da aka sauke daga jirgin garin Barbara za ta fita ta ɗaya ƙofar. Ya jefa akwati, ya bi, ya kwanta a tsakiyarsu. Wani rago ya cinye lemon, wani ya ɗanɗana gefen rawaninsa, sauran kuma suka yi masa abin da tumaki ke yi. Haka matafiyin Sin ya sauka a Balad, tsohon garin Jidda, yana warin turke.

Ya kama ɗaki a can ƙololuwar wani tsohon gidan dutse, inda rana ke sauka ta huta. Dabararsa mai sauƙi ce: ya zauna har jirgi ya isa Sin a lissafi, ya dawo a lissafi, sannan ya fito. Abin da ya manta shi ne, a Balad babu lungun da ba Bahaushiya zaune da farantin gyaɗa ko ƙosai, kuma duk ta san shi, ta san uwarsa. Don haka ya sayi zanen Yamalawa ya ɗaura, ya naɗe fuska da mayafi sai ido, ba ya fita sai da tsakar rana lokacin da masu talla suka gudu inuwa. Fitarsa ta farko wani Balarabe ya ɗauka ɗan dako ne, ya kira shi, "Ya walad, yalla!" ya ɗora masa katifa har hawa na huɗu. Ubale bai iya musu ba don kada a ji muryarsa. Ya kai, ya sauko yana haki, wata tsohuwa ta ɗora masa buhun gawayi.

A haka yana rarrafe cikin lunguna ya faɗa wani ɗan kanti mai duhu, cike da fulas da tocila da siliki da kwanuka har rufi. Duk sallahun Karantina ga shi a jere. Mai kantin wani tsoho ne ɗan siriri, mai gemu kamar zaren masara, da farar hula. Sunansa Alhaji Abdulghaffar, Basine ne Musulmi, ya zo aikin hajji tun da daɗewa, ƙasarsu ta rikice a bayansa, bai sake komawa ba. Larabcinsa ya fi na Ubale. A bangon kantin ya rataye wani babban labule da aka zana ganuwar Sin a kai, tana hawa tsaunuka tana sauka.

Ubale ya ga labule, ya ji kamar an yi masa gafara.

Ya ce wa tsohon shi ɗan kasuwa ne daga Sudan. Kullum sai ya zo ya sayi abu ɗaya, ya zauna, ya ce, "Ya ammi, ba ni labarin garinku." Tsohon kuwa ya shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi. Sai ya zuba musu koren shayi ya fara: fadar sarakunan da mai jan bango da rufi ruwan ɗorawa, wadda talaka ba ya shiga; zakokin tagulla a bakin ƙofa; jirgin ruwan da aka sassaƙa da farin dutse a bakin tafki; tsohon masallacin unguwarsu, inda ubansa ya koya masa alwala da ruwa mai ƙanƙara. Wani lokaci sai ya tsaya yana kallon labulen, shayi ya huce a hannunsa. Ubale kuwa yana ta kwasa yana zubawa a ka.

Ya kawo langar Gwaggo. Tsohon ya gwada murfi ya fi a ƙirga, babu wanda ya zauna.

"Tsohon yayi ce," in ji shi. "Bar ta, in kaya sun zo zan duba. Amana ce."

Ya ɗauke ta ya kife a kan kantar bakin ƙofa don kada ƙura ta shiga.

Sai hoto. Ubale ya kira mai ɗaukar hoto na bakin kasuwa, ya sa wata faffaɗar malfa ta Sinawa, ya tsaya a gaban labule, ya roƙi tsohon ya tsaya a gefensa. Hoto ya fito tsaf. Sai dai can sama, a tsakiyar sararin samaniya, ga kan ƙusar da ta riƙe labulen.

Zafin ɗaki da cin ƙuli-ƙuli ba dare ba rana suka haɗu suka sa masa ciwon kai kamar ana daka. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya aika aka kira masa wani wanzami daga unguwar Bab Makka, ya zauna fuska a naɗe kamar amarya, bai ce uffan ba, aka kafa masa ƙaho a ƙeya. Ya sami sauƙi, ya ce ai shi ke nan, ba wanda ya gan shi.

Da wata biyu da ɗoriya suka wuce, ya ɗauki tasi daga Balad ya sa aka zaga da shi ta hanyar mina, ya sauka a Karantina da malfa a ka da akwatuna. Yara suka ruga suna ihu. Dela ta fito ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka yi baƙi. Ba an ce ƙasar sanyi ba ce?"

"Sanyinsu ƙona mutum yake."

"Haka ne," in ji ta, ta koma kan gyaɗarta.

Aka sa walima ranar Juma'a bayan la'asar, a filin gaban gahawa. Aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba mata a baya. Baba Usuman ya zo da sanda a kan cinyarsa. Ubale ya raba tsaraba, kowa ya karɓi nasa yana juyawa yana cewa, "Kai, na can daban ne, ji nauyinsa!" Alhali irin fulas ɗin nan akwai shi a gidan rabinmu, daga Balad muka saya.

Sannan ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, na ga abin da ido bai gani ba. Fadar sarkinsu, in aka haifi jariri a ɗakin farko, aka riƙa kwana da shi ɗaki ɗaya kowace rana, sai ya yi gemu bai kai na ƙarshe ba. Talaka ba ya shiga. Ni da na zo, aka buɗe ƙofa biyu."

"Allahu akbar!"

"A bakin ƙofa ga zakoki na tagulla, kowanne ya kai gidan Baba Shehu. Na shafa kan ɗaya. Sannan suka kai ni tafki, ga jirgin ruwa na dutse."

"Na dutse?" in ji Yahya. "Yana tafiya?"

"Ina zai je? Ai ya riga ya iso."

Aka yi dariya, aka tafa wa Ubale. Ya ƙara kumbura. Ya hau ganuwa, in ji shi, ya yi tafiya a kanta har takalmi ya cinye, iska tana neman ɗauke shi, ya yi kiran salla a can sama har Sinawa suka fito suna kuka. Sai ya zaro hoto. Hoto ya bi hannu hannu.

"Wane ne wannan dattijon?"

"Wazirin Sin. Shi ya raka ni da kansa. Ba ya cin abinci sai na zauna."

Hoto ya iso hannun Yahya. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa.

"Abu Saudatu, mene ne wannan a sararin sama?"

"Tauraro."

"Da rana tsaka?"

"Can taurarinsu ba sa hutu."

"Tauraro mai kai kamar ƙusa?"

"Kai da iyakarka Masar, ina ka san kan tauraron Sin?"

Jama'a suka goyi bayan Ubale. Wani ma ya ce ya taɓa jin haka a rediyo. Ubale ya sunkuya zai karɓi hoto, malfa ta zame ta faɗi, ƙeya ta bayyana a gaban Yahya.

"Tsaya, tsaya! Wa ya yi maka ƙaho?"

"A Sin aka yi min."

"Wannan tsagar da ta karkata hagu? Wallahi hannun ƙanena Husaini ne, na Bab Makka. Bahago ne, ni na koya masa, na yi duka har na gaji bai miƙe ba!"

Ubale ya ɗauki malfa ya kaɗe ta a hankali.

"Yahya, kana tsammanin akwai inda Bahaushe bai je ba? A gindin ganuwar nan na tarar da wanzami, mutumin Katsina. Bahago. Har ya ce in gaishe ka."

Mu kuwa, Allah ya shirye mu, muka yi ta jinjina kai. Abin ya yi mana daɗi ma, a ce har a Sin namu ne ke riƙe da aska.

Sai muryar Gwaggo Larai daga bayan mata: "Ɗan nan, kowa ya sami nasa. Ina langata?"

"Gwaggo, langarki ta yi sa'a. Waziri ya gani ya ce irin wannan ba a yi mata murfin kasuwa. Yanzu haka tana cikin fada, a ɗakin sarki. Maƙeran fada suna kanta. In an gama za a aiko."

Gwaggo ta share hawaye da bakin mayafi. Baba Usuman ya yunƙura, aka tallafe shi ya tsaya, ya ɗaga sanda.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Ubale, matso."

Ubale ya matso, hannu a miƙe. Yatsunsa sun kusa taɓa azurfa sai aka ji ƙarar keken jaki a bakin fili. Wani ɗan siririn tsoho mai farar hula ya sauko a hankali, rungume da abu a cikin zane.

Wata mata ta dubi hoto, ta dubi tsoho, ta ƙwala ƙara: "Waziri ne! Wazirin Sin ya zo!"

Fili ya hautsine. Mata suka ɗauki guɗa. Maza suka tashi suna gyara riguna, wani ya cire rawaninsa ya shimfiɗa a ƙasa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda waziri ya taso daga Sin a keken jakin Saleh mai ruwa, wanda duk mun san jakin, har mun san kunnensa da ya yage. Gwaggo Larai ta durƙusa tana cewa, "Ranka ya daɗe, da kanka? Saboda murfi?"

Ubale dai bakinsa bai mutu ba. "Ban gaya muku ba?" ya ce da wata siririyar murya. "Ku ba shi hanya, ya gaji, ba ya son magana. Ba ya jin kowane yare."

"Assalamu alaikum," in ji Alhaji Abdulghaffar da Larabcin Jidda garau. "Ya Ubale, ashe nan kake! Na yi ta cigiyarka. Murfi ya samu, jiya kaya suka zo." Ya kwance zane, ga langa da murfinta ya zauna daram. "Ka kuma bar mayafinka na Yamalawa a kanti, ga shi."

Baba Usuman ya janye sanda kaɗan.

"Ya hajji," in ji Yahya da ladabi, "daga ina?"

"Daga Balad, bayan kasuwar masu turare. Kullum yana wurina, mutumin kirki, mai son labari." Idonsa ya faɗa kan hoton da ke hannun Yahya, ya yi murmushi. "Af, wannan ne? Ƙusar nan ta ɓata shi. Na cire ta, na ɗaure labulen da igiya. In kana so ka zo gobe a sake ɗauka."

Wanda ya fara dariya Baba Usuman ne. Ta fito masa kamar tari, sannan ta ƙwace, sai da aka zaunar da shi. Daga nan fili ya ɗauka. Wanda ya shimfiɗa rawani ya janye abinsa a ɓoye. Wanda ya ji labarin tauraro a rediyo ya ce shi dama bai ce wace tasha ba.

"Abu Saudatu," in ji Yahya yana share ido, "wanzamin Katsina fa? In mayar masa da gaisuwa ta hannun wa?"

Gwaggo Larai ba ta yi dariya ba. Ta buɗe murfi, ta rufe, ta sake buɗewa, ta juya gindin ta ga sawun kazarta. "Ni dai ya zauna," ta ce. "Ko daga ina ya zo, Allah ya yi wa Waziri albarka."

Baba Usuman ya miƙa wa Yahya sanda ba tare da dogon jawabi ba. Aka ja Alhaji Abdulghaffar aka zaunar a kan tabarma mafi kyau, aka tura masa cinyar rago, aka ce ya ba da labarin Fekin. Ya ba da, da ƙaramar murya, babu zaki mai girman gida, amma har aka kira magariba ba wanda ya tashi.

Ubale kuwa tuni ya sulale gida ya zauna a bayan randa. Dela ta shigo da farantin nama ta ajiye a gabansa.

"Wa ya nuna masa Karantina?" ya tambaya, kai a ƙasa.

"Ni."

"Ke?"

"Tun satin da ka tafi na je sayen tocila na ga langar Gwaggo a kife a bakin kanti. Duk Jidda wa ke yin sawun kaza da shuɗin fenti? Na leƙa, na ga wani Bayamale a zaune da ƙafafun mijina. Na ce wa tsohon in murfi ya samu ya nemi mai gyaɗa a Bab Sharif. Jiya ya zo, na ce masa Juma'a bayan la'asar akwai walima."

"Kika bar ni ina cin ƙuli-ƙuli a ɗakin nan kamar tanda?"

"Gidan ya yi shiru, na huta."

"Dela, sandar tana hannuna!"

"Da ta shiga hannunka, ran da iƙamar wani ta lalace sai ka je ka ɗaga wa hukuma kai kamar kuku. Ci namanka. Gobe ka tashi da wuri."

"In je ina? A mina sun ba wani wurina."

"Na sani. Tsohon nan bayansa ya gaji, yana neman mai ɗaukar kaya. Na ce masa ina da wanda ya saba da kantin."

Haka aka yi. Ubale ya shekara da shekaru a kantin Alhaji Abdulghaffar, kuma har ya mutu ba wanda ya ƙara kiransa Abu Saudatu, sai Alhajin Sin. Kowace safiya in ya fito zai tafi aiki, Yahya na kan doguwar kujera zai ɗaga murya: "Ina zuwa, Alhaji?"

Shi kuma ya gyara tsumman da ke kafaɗarsa, ba ko kunya, ya ce, "Ganuwa. Ta yi ƙura, Waziri ya ce in je in kaɗe."